Ann Arbor: Garin Jami'ar Da Ya Karɓi Masu Neman Jinsi, Da Dalilin Da Mashayunsu Ke Rufewa

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, hotunan jerin gwanon 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo a biranen Amurka kan cika shafukan sada zumunta, kuma tambayoyi iri ɗaya kan biyo baya, musamman daga iyayen da 'ya'yansu suka samu gurbin karatu a can. Shin gaskiya ne garuruwan jami'a su ne cibiyar wannan al'amari? In haka ne, me ya mayar da su haka? Kuma shin yawan mashayu da gidajen rawar da waɗannan mutane ke taruwa a cikinsu da dare shi ne ma'aunin yadda jama'ar gari suka karɓe su? Yawancinmu kan amsa tambaya ta ƙarshe da e ba tare da wani dogon tunani ba, alhali tarihi ya nuna kusan akasin haka: waɗannan wurare sun fi ƙarfi a zamanin da ake kyamar masu zuwa cikinsu, sun kuma fara mutuwa a lokacin da doka da jama'a suka sassauta. Garin Ann Arbor na jihar Michigan ya isa misali, domin a nan aka yi wasu abubuwa kafin a yi su a ko'ina a ƙasar.

Abin da ake nufi da garin jami'a

Garin jami'a shi ne garin da makaranta ɗaya ta rinjayi komai nasa, daga kasuwa da kuɗin haya har zuwa wanda zai ci zaɓen kansila. Ann Arbor na da mutane kimanin dubu 123 bisa ƙidayar shekarar 2020, Jami'ar Michigan kuwa, wadda ta koma garin a 1837, tana da ɗalibai sama da dubu 50, ita da asibitinta su ne kuma manyan masu ɗaukar ma'aikata a yankin. Irin wannan gari na da siffofi uku da suka shafi batunmu. Jama'arsa matasa ne waɗanda suka baro gidajen iyayensu a karon farko, ba idon dangi ko na maƙwabtan da suka san su tun suna yara. Jama'ar kuma ba ta zama, duk shekara huɗu wani ayari ya tafi wani ya shigo, saboda haka abin kunya ba ya daɗewa a bakin mutane kamar yadda yake daɗewa a ƙauye. Sannan malamai da ma'aikatan jami'a masu dogon karatu ne da suka fito daga wurare daban-daban, kuma binciken jin ra'ayin jama'a a Amurka ya daɗe yana nuna cewa matasa da masu digiri sun fi sauran jama'a sassauci a wannan magana.

Karɓuwa ita ma ba abu ɗaya ba ce. Akwai ta doka, wato a daina kama mutum ko korarsa daga aiki. Akwai ta hukuma, inda jami'a ko majalisar gari ke buɗe ofishi ko ware kuɗi dominsa. Akwai kuma ta zuciya, wadda ke tsakanin mutum da uwarsa ko abokin ɗakinsa a makaranta, kuma ita ce ba wata majalisa da ke iya zartar da ita. Yawancin ruɗanin da ake samu ya taso ne daga cuɗa waɗannan ukun wuri guda.

Yadda mashaya ta zama mafaka

Kafin shekarun 1970, saduwa tsakanin jinsi ɗaya laifi ne a kusan dukkan jihohin Amurka, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar kuma tana lissafa sha'awar jinsi ɗaya cikin cututtuka har zuwa 1973. Mutumin da asirinsa ya tonu kan rasa aikinsa, mai gida ya kore shi, wani lokaci jarida ta buga sunansa da adireshinsa. Garin jami'a ma bai tsira daga wannan ba, domin a ƙarshen shekarun 1950 'yan sandan Ann Arbor sun riƙa yin kwanton ɓauna a banɗakunan jami'ar suna kama maza, ciki har da ɗalibai da ma'aikata.

A irin wannan yanayi mashaya ta zama wuri ɗaya tilo da waɗannan mutane ke iya haɗuwa. Ba wai dukkansu mashaya giya ba ne. Abin da ya sa shi ne mashaya wuri ne mai duhu da ake shiga da dare, wanda mai shi ke da riba idan ya kama bakinsa. A can ake jin labarin aikin da ba a bincike, da mai gidan hayar da ba ya tambaya, da lauyan da zai karɓi shari'ar wanda aka kama. Hukumomi sun san da haka, shi ya sa suka riƙa amfani da lasisin sayar da barasa a matsayin bulala. A New York an kai matsayin da mai mashaya ke tsoron zuba wa wanda ya bayyana kansa a matsayin ɗan luwaɗi abin sha don gudun a ƙwace masa lasisi, har wasu 'yan ƙungiyar Mattachine, mai fafutukar kare haƙƙin 'yan luwaɗi, suka shiga mashayar Julius a 1966 da 'yan jarida a bayansu don su nuna wa duniya ana hana su. Tarzomar da ta ɓarke a watan Yunin 1969 bayan samamen 'yan sanda a mashayar Stonewall ita ce asalin jerin gwanon da ake yi duk Yuni. A Ann Arbor kuwa, wata tsohuwar mashaya mai suna The Flame da ke titin Washington ce ta riƙe wannan matsayi shekaru da dama kafin ta rufe a ƙarshen shekarun 1990.

Daga baya, lokacin da cutar AIDS ta fara kashe matasa a shekarun 1980 gwamnati kuma ta yi jinkirin magana, waɗannan wurare ne suka zama inda ake raba takardun wayar da kai, ake kuma tara kuɗin magani da na binne waɗanda danginsu suka guje su. Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda dattijo mai shekara 70 ke zubar da hawaye don an rufe mashaya.

Ƙuri'ar ɗalibai ce ta juya akalar gari

Sauyin Ann Arbor bai faɗo daga sama ba, kuma ba wa'azin wani mutum ɗaya ya kawo shi ba. A 1970 wani mazaunin yankin mai suna Jim Toy ya bayyana kansa a bainar jama'a a wani gangamin adawa da yaƙin Vietnam a Detroit. A wannan shekara shugaban jami'ar, Robben Fleming, ya ƙi amincewa da taron da sabuwar ƙungiyar masu neman jinsi ta nemi yi a harabar makaranta, amma matsin lambar ɗalibai ya yi ƙarfin da a 1971 jami'ar ta buɗe wani ɗan ofishi don kula da al'amuransu, wanda ake ɗauka a matsayin irinsa na farko a wata jami'ar Amurka. Toy na cikin waɗanda suka fara riƙe shi, kuma shi ne ofishin da daga baya aka sa wa suna Spectrum Center.

Babban abin da ya buɗe ƙofa shi ne gyaran kundin tsarin mulkin Amurka na 26 da aka yi a 1971, wanda ya rage shekarun kaɗa ƙuri'a daga 21 zuwa 18. Dare ɗaya dubban ɗalibai suka zama masu zaɓe a ƙaramin gari. A zaɓen 1972 wata ƙaramar jam'iyya mai suna Human Rights Party ta ci kujeru biyu a majalisar garin, kuma da yake manyan jam'iyyun biyu na buƙatar ƙuri'un nan biyu kafin su zartar da wasu abubuwa, sai ƙaramar ta samu bakin magana fiye da girmanta. A wannan shekara majalisar ta ware mako guda na girmama masu neman jinsi, ta kuma sa su cikin dokar garin da ta hana nuna bambanci. Kansilolin biyu, Jerry DeGrieck da Nancy Wechsler, sun bayyana kansu suna kan kujera, sannan a watan Afrilun 1974 wata ɗaliba mai shekara 21, Kathy Kozachenko, ta ci zaɓen kansila bayan ta faɗa wa masu zaɓe tun farko cewa ita 'yar maɗigo ce. Ita ce ta farko a tarihin Amurka da ta ci zaɓe a haka, shekara uku kafin Harvey Milk na San Francisco wanda sunansa ya fi nata shahara.

Abin lura a nan shi ne lissafi: garin da ɗalibai suka yi wa yawa yana iya zartar da dokar da jihar da yake cikinta ba za ta zartar ba sai bayan rabin ƙarni. Haka kuwa aka yi, domin sai a watan Maris na 2023 Gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu a gyaran dokar kare haƙƙin jama'a ta jihar, wadda ake kira Elliott-Larsen, aka shigar da masu neman jinsi cikinta ƙarara.

Me ya sa wuraren ke rufewa

A 1995 aka buɗe Aut Bar a wani lungu mai suna Braun Court, daura da kasuwar manoma ta unguwar Kerrytown. A wancan lokaci tsofaffin gidajen zama ne ke fuskantar juna a lungun, da fili a tsakaninsu inda ake jera tebura a sarari idan sanyi ya wuce, kuma a nan kusa akwai kantin littattafai da cibiyar jama'a mai ɗauke da sunan Jim Toy. Bambancinta da mashayun zamanin ɓuya a fili yake: tagogi a buɗe, abinci da rana, iyalai da 'yan siyasa na shiga ba tare da waige-waige ba. Kantin littattafan ya rufe a ƙarshen 2018, mashayar kuma ta bi shi a 2020, cikin annobar korona.

Annobar ta ƙarasa abin da ya riga ya fara ne kawai. Masanin zamantakewa Greggor Mattson na kwalejin Oberlin, wanda ya bi diddigin kundin adireshin irin waɗannan wurare, ya gano cewa tsakanin 2007 da 2019 yawansu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku a faɗin Amurka. Mashayun 'yan maɗigo sun fi jin jiki, daga kusan 200 a shekarun 1980 suka koma kimanin ashirin kacal a wajen 2020. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da binciken cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ke nuna goyon bayan auren jinsi ya tashi daga kashi 27 cikin ɗari a 1996 zuwa kashi 71 a 2022.

Dalili na farko shi ne karɓuwar kanta. Rijiyar unguwa kan rasa masu layi idan famfo ya shiga kowane gida, kuma haka ya faru a nan: wanda zai iya zama da abokansa a kowane gidan abinci ba tare da an kalle shi sau biyu ba, ba shi da dalilin takura kansa a wuri ɗaya. Na biyu shi ne waya. Tun da manhajar Grindr, mai haɗa 'yan luwaɗi da juna, ta fito a 2009, wasu irinta suka biyo baya, haɗuwa ta bar teburin mashaya ta koma tafin hannu. Na uku kuɗin haya ne, wanda a tsakiyar Ann Arbor ya yi tsadar da ƙananan 'yan kasuwa ba sa iya jurewa, har matasa da masu ƙaramin ƙarfi da yawa suka koma Ypsilanti, maƙwabcin gari mai sauƙin rayuwa inda Jami'ar Eastern Michigan take.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da garin jami'a, wanda ba a cika kawo shi ba. Doka a Amurka ta hana sayar da barasa ga wanda bai kai shekara 21 ba, yawancin ɗaliban digirin farko kuma tsakanin 18 da 22 suke. Wato mafi yawan matasan da suka cika gari ba kwastomomin mashaya ba ne a idon doka. Gidan rawar da ya yarda ya shigar da ɗan shekara 19 sai mai gadi ya duba katin shaidarsa a ƙofa, ya zana masa alama a bayan hannu don kada a sayar masa da komai sai lemo, riba kuwa a barasa take. Ga kuma hutun bazara na wajen wata huɗu da gari ke yin tsit. Shi ya sa abin da ya fi ɗorewa a irin waɗannan garuruwa shi ne dare ɗaya a mako a gidan rawa na kowa da kowa, kamar daren Juma'a da gidan rawar Necto na titin Liberty ya daɗe yana ware musu. Sauran aikin da mashaya ke yi a da, na ba da shawara da haɗa sabon zuwa da jama'a, ya koma hannun ofishin jami'a da ƙungiyoyin ɗalibai da rana tsaka.

Iyakar karɓuwar

Kuskure ne babba a ɗauki Ann Arbor a ce ita ce Amurka, ko ma a ce ita ce Michigan. A 2004 masu zaɓen jihar sun amince da kusan kashi 59 cikin ɗari a rubuta haramcin auren jinsi cikin kundin tsarin mulkinta, alhali gundumar Washtenaw da Ann Arbor ke cikinta ta ƙi amincewa. A 2010, lokacin da ɗaliban jami'ar suka zaɓi Chris Armstrong a matsayin shugabansu na farko da ya bayyana kansa, wani mataimakin babban lauyan jihar, Andrew Shirvell, ya shafe watanni yana cin mutuncinsa a intanet yana kuma bibiyarsa, har aka kore shi daga aiki, kotu kuma ta umarce shi ya biya Armstrong diyyar miliyoyin daloli. Wannan ya faru ne shekara 36 bayan zaɓen Kozachenko, a gari guda.

Zama garin jami'a ma ba garkuwa ba ne. Laramie ta jihar Wyoming garin jami'a ce, a can ne kuma a watan Oktoban 1998 wasu maza biyu suka ɗauki wani ɗalibi ɗan luwaɗi, Matthew Shepard, daga wata mashaya, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka ɗaure shi a jikin shinge a bayan gari, ya rasu bayan 'yan kwanaki. An kashe mutum 49 a gidan rawar Pulse na Orlando a 2016, an kashe biyar a Club Q na Colorado Springs a 2022, dukkansu wuraren taruwar masu neman jinsi ne. Ko mene ne matsayin mutum a kan halaccin wannan ɗabi'a, ba na ganin akwai hujjar da za ta wanke wanda ya shiga taro ya buɗe wuta a kan 'ya'yan mutane, kuma duk mai son fahimtar dalilin da ya sa suke riƙe da wuraren nan da muhimmanci dole ya sa wannan tsoro cikin lissafinsa.

Ɓangarorin da ke ja da juna

A cikin masu neman jinsin kansu ba a taru an zama ɗaya ba. Wasu na ganin mutuwar mashayun nasara ce, alamar cewa ɓuya ta ƙare. Wasu na cewa wannan maganar mai hali ce, farar fata mai digiri da albashi, domin baƙar fata ko ɗan talakan da ya fito daga ƙauyen da ba a karɓe shi ba har yanzu yana buƙatar wurin da ba sai ya yi bayanin kansa ba. Akwai kuma masu cewa bai kamata rayuwar al'umma ta rataya a kan barasa ba tun farko, ganin irin ɓarnar da shaye-shaye ya yi a cikinsu.

A ɗaya gefen akwai mabiya addini, Kiristoci masu riƙo da koyarwar coci ta asali da Musulmi da Yahudawa masu tsantseni, waɗanda ke cewa abin da aka fara da sunan a bar kowa ya rayu ya koma tilasta wa kowa ya yaba. Ba a nesa suke ba. Tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Ann Arbor akwai Dearborn, inda iyaye Musulmi suka cika zauren hukumar makarantu a 2022 suna neman a cire wasu littattafai daga ɗakunan karatu, da Hamtramck, inda majalisar gari wadda dukkan mambobinta Musulmi ne ta hana kafa tutar masu neman jinsi a kan kadarorin gwamnati a watan Yunin 2023. Masu goyon bayan matakin sun ce tutar gari ta kowa ce, bai kamata ta ɗauki ɓangare ba. Masu adawa sun ji zafin abin ƙwarai, suna tuna cewa da yawansu sun tsaya wa Musulmin garin a lokacin da ake ƙyamar baƙi. Kotun Ƙolin Amurka ita ma tana raba hukunci: ta halatta auren jinsi a 2015 a shari'ar da ta haɗa da ƙarar wasu ma'aikatan jinya biyu 'yan Michigan, ta hana korar mutum daga aiki saboda wannan dalili a 2020, sannan a 2023 ta ce ba za a tilasta wa wata mai tsara shafukan intanet yin aikin bikin da ya saɓa wa imaninta ba.

Abin da ya shafi ɗalibi da iyayensa

Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Maraɗi ya sauka a irin wannan gari zai tarar da tsarin da ya yi hannun riga da na gida, inda a Najeriya dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga mai buɗe ko shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da kulob. Abin da zai gani a zahiri ya fi abin da ake yayatawa sauƙi. Ba wanda zai kai shi mashaya, mai yiwuwa ma ya gama karatunsa bai san inda take ba. Inda zai haɗu da al'amarin shi ne aji da ɗakin gwaje-gwaje da wurin aiki, wajen malamin da ke duba aikinsa ko abokin karatun da aka haɗa su aiki ɗaya. Doka ba ta nemi ya sauya aƙidarsa ba, tana kuma kare 'yancinsa na faɗin abin da addininsa ya koyar, amma zagi da tsangwama da barazana na iya jawo masa hukuncin jami'a, wanda ga baƙo kan iya shafar takardar zamansa. Ya kamata iyaye su san cewa dokar Elliott-Larsen ɗin nan da ta hana mai gida korar ɗan haya saboda neman jinsi, ita ce kuma ta hana shi ƙin ba 'yarsu haya saboda hijabinta ko launin fatarta.

Ƙasar ma ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Alƙaluman Gallup sun ɗan ja baya bayan 2023, musamman a tsakanin magoya bayan jam'iyyar Republican, kuma a watan Maris na 2025 Jami'ar Michigan ta rufe babban ofishinta na daidaito da haɗa kan jinsuna da ƙabilu sakamakon matsin lambar gwamnatin Donald Trump a kan kuɗaɗen tarayya. Haramcin 2004 yana nan a rubuce cikin kundin tsarin mulkin Michigan. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 ne kawai ya hana shi aiki, kuma cire shi gaba ɗaya sai an sake komawa ga masu zaɓen jihar baki ɗaya, ba na Ann Arbor kaɗai ba.